Baƙin tabo a fuska: yadda zaki bi dashi daki-daki ba tare da kin ƙona fatarki ba

Duk macen da take da baƙin tabo a fuska a garuruwan nan namu ta san cewa abin da ke hana barci bakin mutane ne, tun kafin ma a zo kan tabon. Ki shiga gidan suna a Garwa ko Marwa, baki gama gaisawa ba wata goggo zata kamo haɓarki ta juya fuskarki wajen haske tana cewa "ke kuma me ya sameki haka, ko wahalar gidan miji ce?", kafin ki samu bakin amsawa wata ta matso ta raɗa miki lambar wata mai haɗi, wai sati biyu kacal fuskarki zata yi fes. Ki koma gida ki tsaya gaban madubi, ki ɗauki hoto ki goge, ki sake ɗauka da filta, washegari da sassafe kin aika yaro ya karɓo haɗin. Ni a bayan kanta nake aiki a farmasi, kuma wallahi yawancin fuskokin da nake gani sun lalace da gaske, ciwon farko ƙarami ne, kuraje biyu uku ne ko ɗan duhun goyon ciki, abin da ya ƙarasa su shine gaggawar da kunya ta jawo. Maza ma ku karanta, dan masu moto da masu aski da reza kuna ciki tsundum.

Mataki na farko, ki san wane irin tabo ne

Fatarmu tana da wasu ƙananan ƙwayoyi da aikinsu shine haɗa launi, launin nan shi ake kira melanin. Baƙar fata da bature yawan ƙwayoyin nan kusan ɗaya ne a jikinsu, namu ne dai suka fi ƙwazo, kuma rahama ce dan shi ke tare mana ƙunar rana. Amma fa basu da haƙuri ko kaɗan, duk abin da ya taɓa fata, ƙurji ne, ƙuna ce, susa ce, zafin rana ne, amsarsu ɗaya ce, su zubo launi. Ki riƙe wannan da kyau dan sauran maganar duk a kansa take tafiya, duk abin da ya sa fuskarki yaji ko ja ko saɓa, toh baƙi na nan tafe a bayansa.

Wanda ya fi yawa shine tabon bayan kuraje. Ƙurji ya fito ya warke ya bar ɗigon baƙi daidai inda ya zauna, balle in an matse shi. Cizon sauron da aka sosa, fallatsin mai wajen suya, kirci, kurajen aski a haɓar maza da ƙeya, duk tafiyarsu ɗaya. Wannan yana gushewa da kansa in aka daina tsokanarsa, wanda yake sama-sama mai ruwan ƙasa wata 6 zuwa shekara, wanda ya nutse ciki ya yi ruwan toka kuma yana iya ɗaukar shekaru.

Na biyu shine melasma, duhun nan da ke fitowa masu ciki. Shi shimfiɗa yake yi, kumatu biyu daidai wa daida, goshi, karan hanci, saman leɓe har mace ta dinga ganin ko gashin baki ne ya fito mata. Baya ƙaiƙayi baya ciwo. Ciki na tayar dashi, ƙwayar tazarar haihuwa na tayar dashi, ga rana ga zafi, kuma yana bin dangi, in innarki ko addarki na dashi kar kiyi mamaki. Na goyon ciki sau da yawa yana dushewa cikin watanni bayan haihuwa, wani kuma ya yi zamansa. Abin da masu talla a TikTok ba zasu gaya miki ba shine melasma lallaɓa shi ake yi, yana lafawa har ki manta dashi, kina sakin jiki da rana ya dawo.

Akwai tabon magani, baƙin zagaye mai faɗin tsabar sefa ɗari a leɓe ko gefen baki ko hannu, yana farawa da ja da ƙaiƙayi, kuma duk sanda kika sha wannan maganin a wuri ɗaya zai sake tashi. Cotrimoxazole da Fansidar da wasu magungunan ciwon jiki sun yi suna a nan. In kin lura da haka ki riƙe sunan maganin ki gaya wa dokta, kar dai ki ajiye wanda aka baki wajen awo da ra'ayin kanki.

Sai baƙin wuya da hammata mai kauri da laushi. Dan Allah iyaye ku daina dirje wuyan yarinya da soso kuna kiranta ƙazama, ba datti bane, sau da yawa jiki ne yake nuna ya fara kokawa da suga, musamman in akwai ƙiba. Awon suga za ayi.

Wanda ya fi ban tausayi shine wanda man bilicin ya haifar da kansa, baƙi mai shuɗi-shuɗi a kan ƙashin kumatu da gefen ido, fatar ta yi kaushi da ƙananan ɗigo. Likitoci suna ce masa ochronose, a Afirka ta Kudu aka fara bayyana shi a 1975 a jikin masu shafa hydroquinone, wani sinadarin man bilicin, shekara da shekaru. Mace ta ga baƙi ta ƙara man, man kuma shine ke kawo baƙin, kuma duk cikin tabon fuska babu mai wuyar magani kamarsa.

In tabonki fari ne wannan jagorar ba taki bace. Kyasbi maganinsa daban kuma mai sauƙi ne, farin nan fat na vitiligo ba kuturta bane kuma ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare. Amma tabon da ya yi haske kuma baya jin taɓawa, ko tabon da ke girma da sauri yana jini, ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko duhun kumatu da ya zo da ciwon gaɓoɓi da zubewar gashi, waɗannan asibiti kai tsaye, ba shawarar makwabciya.

Mataki na biyu, ki kwashe abin da ke ƙona ki

Ki fito da duk abin da kike shafawa ki baje a tabarma, sabulu, mai, tub-tub ɗin nan ƙanana, har wanda kika ɓoye a ƙasan akwati. Ki karanta ƙananan rubutun bayan kwali, ko ki ba ɗan makaranta ya karanta miki. Sunayen da kike nema sune hydroquinone, clobétasol, bétaméthasone, da mercure ko calomel wato zaibak. Haɗin da aka zuba a roba babu suna babu komai kuwa ki ɗauka duk suna ciki, ko da mai sayarwa ta rantse miki da karas da zuma kawai ta haɗa. A watan Agusta na 2022 ministan lafiya na Kamaru, Manaouda Malachie, ya hana shigo da kayan shafa masu hydroquinone da zaibak da sayar dasu, amma ai kin san kasuwa, kayan jansan, wato na bilicin, suna nan a kan tebur kowa na gani.

Clobétasol da bétaméthasone kortizon ne masu ƙarfi, magani ne na gaske da dokta ke bayarwa na ɗan lokaci ga wasu cututtukan fata. Abin da ya sa suke ruɗin mutane shine farkonsu daɗi, suna kwantar da kumburi su matse jijiyoyin jini su rage launi, cikin kwanaki fuska ta yi haske ta yi sumul kowa na tambayarki me kike shafawa. Bayan watanni fata ta yi siriri har ana hango jijiya, nankarwa mai faɗi ta fito a hannu da cinya wadda bata komawa, kuraje su ɓarke, gashi ya fito a fuska, kyasbi da makero su bazu, rauni ya ƙi haɗewa har ɗinkin tiyatar haihuwa ya zama abin fargaba. In duk jiki ake shafawa yana shiga jini ya kawo hawan jini da suga. Zaibak kuma ƙoda yake ci da jijiyoyi, yana kaiwa ga ɗan da ke ciki da mai shan nono, har wanda kuke goge jiki da tawul ɗaya baya tsira.

Mai zaibak da mai hydroquinone na kasuwa yau ɗin nan za a ajiye su. Kortizon ne ba a yanke shi rana ɗaya in an yi watanni ana shafawa, balle a duk jiki, dan jiki ya riga ya rage haɗa nasa ya dogara da na tub, sai an janye a hankali kuma dokta ne zai tsara miki yadda za a rage. Kuma bari in gaya miki gaskiya tun yanzu, fuskar zata yi bore. Ja, raɗaɗi, kuraje, saɓa, duhu fiye da na da, na makonni wani lokaci watanni. Ba lalacewa take yi ba, dawowa hayyacinta take yi, amma a daidai nan ne mafi yawa suke karaya su koma gidan jiya.

Kayan kicin ma ki bar su a kicin. Lemon tsami a fuska sannan a fita rana ƙuna ce ta gaske mai barin baƙi, tafarnuwa tana tayar da bororo, man goge baki a kan ƙurji da kanwa da soda duk cin fata suke. Dilka a jiki babu laifi, al'adarmu ce mai kyau kuma ƴan uwanmu na Cadi sun iya ta, amma dirza ta a kan kumatu masu melasma ƙara wuta ne, haka halawa a saman leɓe. Baƙin lallen da ake haɗawa da rinin gashi dan ya yi baƙi ƙirin da sauri yana da wani sinadari PPD da ke tayar wa wasu kumburi ya bar zanen a fata wata da watanni. Turare kuma a fesa a kaya, kar a fesa a wuya a fita rana.

Mataki na uku, ki shirya zuciyarki da bakinki

Na sa wannan a tsakiya da gangan, dan in ba a gyara nan ba sauran matakan ba zasu kai wata ɗaya ba. Mutane suna ganin ai fata ce kawai, ba ciwon da zai kashe ki bane, ki gode Allah. Toh godiya dole ce, amma wadda ta daina zuwa biki, take rufe kyamara in ana kiran bidiyo, take kashe fitila kafin maigida ya shigo, take zargin kanta duk sanda ya kalli waya ko aka yi zancen ƙarin aure, ita ta san abin da take ɗauke dashi. Likitocin fata da kansu sun yarda da wannan, tun 1994 wasu likitoci a Cardiff ta Birtaniya suka fitar da takarda mai tambayoyi 10 da ake kira DLQI, ana tambayar mara lafiya kunyar da yake ji, kayan da yake iya sawa, aiki, shiga mutane, har zaman aure, dan an gane girman tabo a ido da girmansa a rai ba ɗaya bane. Wata tabonta ɗan mitsitsi ne amma ya hana ta sakat, kuma ba shagwaɓa bace.

Damuwa kuma tana komawa fata, tana tayar da kuraje da kirci, tana sa hannu ya dinga kaiwa fuska. Nasan kin san wannan zaman na dare, kowa ya yi barci ke kina gaban madubi da tocilar waya kina matsa ɗaya bayan ɗaya, kina cewa wannan ne na ƙarshe. Kowane matsa tabon wata shida ne kika saya. Ki yanke farce, ki cire ƙaramin madubin nan daga jaka, duba fuska sau biyu a rana ya isa, safe da dare lokacin shafa magani. Masu tallan mai da kike bi a Facebook da TikTok ki sauke su, fuskar da suke nuna miki filta ce da fitila.

Tun kafin ki fara janye man ki samu mutum ɗaya ki gaya masa, maigida in mai fahimta ne, ko adda, ko ƙawar da bata da surutu. Ki ce masa ƙarara, zan yi duhu na ɗan lokaci, magani nake yi, ina so ka tsaya min. Namiji da yawa bai ma san me ke cikin robar nan ba, in ya ji zancen ƙoda da suga shi zai fara cewa a zubar. Ga ƴan gidan biki kuma ki tanadi amsa ɗaya gajera ki dinga maimaita ta, "ina ganin dokta goggo, a sa mu a addu'a", shikenan ki juya zancen zuwa jikokinta. Ba dole sai kin yi wa kowa bayani ba, kuma duk wadda ta miƙo miki mai ki karɓa da na gode ki ajiye.

Hoda da fondasiyo ba laifi bane, ki rufe tabonki ki je sabgarki, ki nemi dai wadda bata toshe fata kuma ki wanke kafin ki kwanta. Gara ki fita da kwalliya da ki kulle kanki a ɗaki.

Amma in ya kai sati biyu kullum ranki a dagule, barci ya ƙi, abinci ya fita ranki, abin da da yake faranta miki yanzu ko a jikinki, ko kina ɓata awowi a madubi kan abin da wasu basa ma gani, wannan ya wuce zancen mai, ki gaya wa dokta yadda kika gaya masa tabon, ciwon damuwa yana da magani. In har tunanin cutar da kanki ya zo miki, ranar nan ki gaya wa wani na kusa ku tafi asibiti tare. Addu'a da neman magani basa karo da juna. Ku kuma iyaye da mazaje, kalma ɗaya ta "kin yi baƙi" tana iya rushe haƙurin wata uku, ku kama bakinku.

Mataki na huɗu, rana

Shafa maganin tabo ba tare da kare fuska daga rana ba ɗiban ruwa ne da kwando. Kuma mu ranarmu ba irin ta Yawunde bace, a Garwa da Marwa da Njamena watan Maris zuwa Mayu zafi na haura digiri 40. Ko da hunturu da ƙura ta rufe sama hasken na ratsowa, gilashin mota da taga ma basa tare shi duka.

Ki nemi man kariyar rana a farmasi, a jiki zaki ga an rubuta SPF da lambar ƙarfin kariyarsa, ki ɗauki 50, in babu kar ya gaza 30. In da hali ki ɗauki mai launi wanda aka rubuta teinté, dan a fata irin tamu hasken da ido ke gani ma yana tayar da melasma, kuma sinadarin oxyde de fer da ke cikin mai launin shi ke tare wannan, ga shi baya barin farin nan da ke sa mutum ya yi furu-furu. Yawan da ake shafawa shine layi biyu, tsawon manuniya da ɗan yatsan tsakiya, na fuska da wuya. Yawanci ɗan ɗigo ake shafawa dan tsada, toh ɗigo baya aiki. Da safe kafin ki fita, kuma in kina waje ana sabuntawa duk bayan awa 2. Mu da muke alwala abin ya zo da sauƙin tunawa, alwala na wanke shi, dan haka bayan azahar ki sake, bayan la'asar ma in zaki fita ki sake.

Nasan kuɗi ne, kuma in kuɗinki na abu ɗaya ne kacal wannan zaki saya, ki bar su serum. Sauran kariyar kyauta ce, lema, malafa ga masu zuwa gona da masu kiwo, janyo mayafi ya yi wa kumatu inuwa, bin gefen da ke da inuwar bedi, kai aiken kasuwa da sassafe ko bayan la'asar a maimakon tsakar rana daga ƙarfe 10 zuwa 4. Niƙabi yana taimakawa in yadin mai kauri ne, sai dai a dinga wanke shi akai-akai dan zufa da gogayya na kawo kuraje. Masu moto hular kwano mai gilashi da ƙyalle a fuska. Man kaɗanya yana da kyau wajen laushi amma baya tare rana, kar a ruɗe ki. Zafin wuta ma yana tayar da melasma, masu tuyan ƙosai da makala da masu girkin itace ku dinga ja da baya daga bakin murhu, a sa dogon ludayi, in an gama a wanke fuska da ruwa mai sanyi.

Mataki na biyar, wanka da mai

Sabulu mara ƙarfi mara ƙamshi sau biyu a rana, da hannu, ba soso. In kin wanke fuska ta ɗaure tana ja, sabulun ya yi miki ƙarfi, ko da sabulun salo ne. A goge da tawul a hankali a shafa mai mara turare, da hunturu a ƙara. Ki yi sati biyu zuwa huɗu a kan wannan da man rana kawai kafin ki ɗora wani magani, fatar ta huce tukuna.

Mataki na shida, magungunan da suke aiki

In har yanzu kuraje na fitowa su za a fara kashewa, in ba haka ba kina goge tsohon tabo sabo na shigowa. Peroxyde de benzoyle mai kashi 2.5 zuwa 5 yana kashe ƙwayar cutar kuraje, sai dai yana cinye launin yadi, zai ɓata miki hijabi da rigar matashi, ki yi hankali. Adapalène mai 0.1 yana buɗe toshewar fata kuma yana taimakawa tabon, da dare kawai, girman ƙwayar wake ga duk fuska, a fara da dare biyu ko uku a sati. Mai ciki ko mai neman ciki bata taɓa adapalène da ɗan uwansa trétinoïne.

Ga tabon kansa, wanda na fi so mutum ya fara dashi shine acide azélaïque mai kashi 15 zuwa 20, dan yana aiki a kan kuraje da tabo da melasma gaba ɗaya, baya canza miki launin jikinki na asali, kuma ana ba masu ciki. Yana ɗan tsikari a farko, yana wucewa. Niacinamide mai kashi 4 zuwa 5 shima mai sauƙin hali ne. Bitamin C yana taimakawa amma zafinmu na kashe shi, in ya koma ruwan shayi ya lalace, kuma wanda ya kwana a rana a kan teburin kasuwa kuɗinki kawai zai ci.

Ɗaya ake farawa dashi. Ki gwada a ƙasan muƙamuƙi dare uku, in babu kumburi ki kai fuska, sai bayan sati biyu ko uku ki ƙara wani in da buƙata. Da safe wanki, maganin tabo, mai, man rana a ƙarshe. Da dare wanki, magani, mai. In fuska ta fara ja da yaji ki tsaya kwana biyu uku ki koma mai kawai, kar ki ce ai zafin ne ke nuna yana aiki, a fatarmu zafin nan shi ke zama sabon tabo. Amare ku ji da kyau, gyaran fuska wata 3 zuwa 6 kafin biki ake farawa, duk abin da zai canza ki cikin sati biyu zaki biya bashinsa a ɗakin miji.

Maza masu kurajen aski, ku bar reza ku koma mashin, a bar gashin da ɗan tsawo, a bi inda gashi ya kwanta, kuma kar a ja fata ana aski. In ya yi yawa a bar gemun wata guda ya huta.

Mataki na bakwai, ganin dokta

In melasma ne mai faɗi, ko kin daɗe kina shafa kortizon, ko kina zargin ochronose, kar ki tsaya gwaji. Likitocin fata sun fi yawa a Yawunde da Duwala, a Cadi kuma Njamena, amma ki fara da babban asibitin yankinku, Garwa ko Marwa ko Ngaundare, su zasu duba ki su tura ki gaba in da buƙata. Ki zuba duk mayukanki a leda ki tafi dasu, ki faɗi gaskiyar shekarun da kika yi kina shafawa, ba alƙali bane, kuma ya ga wanda ya fi naki. Ki gaya masa in kina shan ƙwayar tazara, ko kina da ciki, ko kina shayarwa.

Kar ki yi mamaki in ya rubuta miki hydroquinone a ordonas, wato takardar magani. A hannun dokta magani ne mai kyau, kashi 4, a kan tabon kaɗai, na wata 3 zuwa 4 sannan a tsaya. Yana iya rubuta haɗin nan na abu uku da ake kira trio de Kligman, hydroquinone da trétinoïne da kortizon mara ƙarfi, shima na ƴan makonni ne a ƙarƙashin idonsa, ba a sake saye da tsohuwar takarda. Akwai ƙwayar acide tranexamique da ake ba masu melasma mai taurin kai, amma sai an tabbatar baki da tarihin daskarewar jini, dan haka ba ta sayen kai bace ko da ƙawarki ta sha ta yi mata. Saɓe fata da asid da kuma leza suna nan, amma a baƙar fata in hannun bai ƙware ba tabon ninkuwa yake, ba aikin shagon gyaran jiki bane. Allura ko ƙarin ruwan glutathion da ake yayi kuwa, hukumar magunguna ta Amurka bata amince da kowace allurar hasken fata ba, kuma tabonki ma ba shi take nufa ba.

Mataki na takwas, yadda zaki gane ko ana ci gaba

Fata tana ɗaukar kusan wata guda kafin ta sabunta kanta, shi yasa babu maganin kirki da ake yanke masa hukunci kafin sati 8 zuwa 12. Ido mai kallon madubi kullum baya ganin canji, dan haka ranar da kika fara ki ɗauki hoto a bakin taga da safe, ba hoda ba filta, gaba da gefe biyu, sannan duk wata ki sake a wuri ɗaya lokaci ɗaya. Ma'auninki shine fatar cikin damtsenki ko ƙirjinki inda rana bata taɓawa, launin da ake so fuska ta komo kusa dashi kenan, ba a neman ta wuce shi.

Bayan wata 3 ki jera hotunan. In ya ragu ki ci gaba a haka, in ya tafi ki rage maganin zuwa dare biyu uku a sati amma man rana ya zauna, kuma mai melasma ta ƙara tsanantawa tun daga Fabrairu kafin bazara ta kama, haka in ciki ya samu ta ajiye komai sai man rana da abin da dokta ya yarje mata. In babu canji ko kaɗan ki binciki kanki tukuna, layi biyun nan kina cika shi kuwa, kina sabuntawa bayan alwala, hannu ya bar fuska, babu wani sabulu ko mai da ya lallaɓo ya dawo? In duk kin kiyaye kuma shiru, ki ɗauki hotunan da ledar magungunan ki koma wajen dokta, wataƙila launin ya nutse ƙasan fata ne ko kuma tun farko ba irin tabon da aka zata bane.